Saƙon da Na Isar ta Bayan Bango

Ko da zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da bazarar nan ba. Zafi ya yi zafi a Damagaram, famfon unguwarmu Kara-Kara sai ya yi ta tsaki babu ɗigo, mangwaro kuwa ya yi arha har awaki sun ƙoshi. Ni dai abu ɗaya ke raina: ƴar farina (ku yi haƙuri, ba na faɗin sunanta) ta daɗe a ɗakin miji ko ɓari ba ta yi ba, dangin mijin sun fara kallon cikinta kafin su kalli fuskarta.

Babu jiƙon da ban ɗura mata ba. Da na ga abin ya ƙi, na raka ta likita. Bayan an yi awo, ungozomar ta zaunar da mu ta ce wata ƙwayar cuta ce, kilamidiya. (Na sa ta maimaita har na iya faɗa, ba a banza na yi ajin yaƙi da jahilci ba.) Ta ce sau da yawa ba ta nuna alama, ga mace ko ga namiji, tana nan shiru har ta toshe hanyar ƙwai. Akwai magani, amma sai mijin ma ya sha, su kuma raba shimfiɗa har su gama, in ba haka ba ta dawo.

A hanya yarinyar ta ce, "Inna, ba zan iya gaya mishi ba. Zai ce a ina na samo."

Na ce, "Bar mini."

Ni da tun ranar ɗaurin aure ban taɓa kallon idon surukina Habu ba. In ya zo gaisuwa a zaure yake tsayawa, ni ina bayan bango, mu yi ta "lafiya lau" kamar masu kiran waya.

Ranar da zai zo ɗaukarta, bayan la'asar na ji ƙarar motonsa, babur ɗin nan mai tari irin na tsohon rago. Na ji sallama ƙasa-ƙasa da gyaran murya. Don kada ƙarfin halina ya gudu, na jingina da bango, na juya baya, na fara.

Na ce, "Ɗana, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Likita sun ce akwai ƙwayar cuta tsakaninka da matarka. Ba a neman mai laifi, tana iya daɗewa a jikin mutum bai sani ba. Ita ce wataƙila ta tsare haihuwa. Gobe ka je ka karɓi magani. Kuma, don Allah, ku raba shimfiɗa har ku gama sha."

Har na ji daɗin kaina. Na ce ashe ni ma na iya jawabi.

Sai wata murya mai kauri ta ce, "To, Malama Hadiza, na ji. Amma ni da tsohuwata ciwon baya ya daɗe da raba mana shimfiɗa."

Alhaji Issa ne, mahaifin Habu. Ya aro moton ɗansa ya zo gaida maigidana.

Jama'a, da ƙasa tana da ƙofa da na shige na kulle. Na tsaya riƙe da bango, zufa har tafin ƙafa. Abin da ya fi tsorata ni, na saka sirrin ƴata a kunnen gidan da ke ƙorafi a kanta.

Ya ce, "Kina nan?"

Na ce, "Ina nan, Alhaji, amma ba da son raina ba."

Ya yi ƴar dariya, sannan ya ce, "Mun yi ta kallon yarinya, ba wanda ya kalli namu. Maganar nan daga ni sai shi. Gobe da kaina zan kai shi."

Washegari da safe na yafa gyale na raka ta likita. Ga su nan a kan benci tsakiyar masu ciki, Alhaji yana jan carbi, Habu yana ƙirga yatsun ƙafarsa. Na gaishe su ina kallon ƙasa, na ƙare wa takalman kowannensu kallo da kyau. Tun daga ranar, kafin in buɗe baki a bayan bango, sai na leƙa na ga takalmin wa ke bakin zaure.