Likita Ya Rubuta Mini Hantsi

Jiya a layin mai na ga duniya tana juyawa. Ina riƙe da babur sai ƙeyata ta yi nauyi, idanuna suka yi duhu. Da na farfaɗo, maƙwabcina bakanike ne yake mini fifita da hularsa, yana cewa, "Tela, daure ka tashi, an kusa zuwa kanmu." Ba a zo kanmu ba. Mai ya ƙare, ya lallaɓa ni zuwa asibitin unguwa.

A can muka tarar da sabuwar na'urar awon jini wadda Mai Girma Uban Marasa Gata ya yi alƙawari tun lokacin zaɓe. Ya cika, Allah ya ƙara masa girma. Tana nan cikin kwalinta ɗaure da jan ƙyalle, tana jiran ranar da zai samu sarari ya zo ya yanka. Nas ta zaro tata daga jaka ta auna ni, ta sake aunawa.

Likita ya tambayi sana'ata. Na ce ɗinki, a shagon da ba taga, daga safe har faɗuwar rana.

"Baba, jininka ya hau sosai," in ji shi. "Kuma ina zargin bitamin D ya yi maka ƙaranci. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, yana kuma cikin abubuwan da ke taimaka wa jijiyoyin jini su saki, zuciya ta rage wahalar bugu. Amma ba zai maye maka magani ba. Ka sha maganinka, ka rage gishiri, ka riƙa shan hantsi, ka kuma guji ɓacin rai."

Bakanike ya ce, "Likita, na ƙarshen nan a wace ƙasa ake samunsa?"

Muka je tagar magani. Babu magani, amma akwai ƙaton hoton Mai Girma, dafe da ƙirji, an rubuta "Zuciyarku Amanarmu Ce". Tasa zuciyar kuwa, na ji an ce jirgi ya kai ta waje a duba ta. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ke fita daga sanyin gida ya shiga mota mai baƙin gilashi, ina zai haɗu da rana?

Maganin dai ƙanwata ce ta sayo a kanti. Yau da safe kuma uwar yara ta fitar da kujera ƙofar gida, ta ce, "Malam, zauna nan. Ba ka isa ka bar mini yaran nan ni kaɗai ba." Ta shanya ni kusa da wanki, tana leƙowa ta ga wanda zai riga bushewa.

Roƙona gare ku, jama'a, maganar nan ta tsaya tsakaninmu. In manya suka ji rana tana da amfani, za su kafa mata kwamiti su ba da ita kwangila, mu koma ana kawo ta ana ɗaukewa kamar wutar lantarki.