Gwanin Ski Da Bai Taɓa Hawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a bakin wani tafki da ke kudu da Paris ba. Ko na so mantawa ma ba za a bar ni ba, don bidiyon yana cikin wayar kawuna, kuma duk baƙon da ya sha shayi a gidansa sai ya kalla.

Bari in faro daga Lyon. Ina shekara ta biyu a karatun kanikanci, ina zaune a unguwar Minguettes, hawa na tara, ɗaki ɗaya da abokina Sani ɗan Maradi. Ni ɗan Damagaram ne, irin yaran nan da ake mantawa suna cikin ɗaki. In an yi baƙi in gaishe su, in koma kan littafina. Da hutun ƙarshen shekara ya zo na samu ɗan aiki a wani kulob na ski na ruwa, a wani tafki bayan gari. Wanke rigunan ruwa, naɗe igiya, share dandamalin katakon da ake tashi daga kansa, shi ke nan aikina.

Ga wanda bai san wasan ba, sunansa slalom. Jirgi mai inji ne ke jan mutum da igiya, ƙafafunsa biyu a kan siririn allo guda, ɗaya gaba ɗaya baya. Akwai balo shida a kan ruwa, uku dama uku hagu. Jirgi yana tafiya miƙe ta tsakiya, mutum yana tsallakawa can da nan yana kewaye su. In ya gama shidan a rage masa igiya ya sake, a ƙara ragewa, har ta kai sai ya kwanta a kan ruwa ya miƙa hannu ɗaya kafin ya isa balo. Ranar da na fara ganin haka, ruwa ya tashi a bayan wata mata kamar katanga, tsintsiya ta faɗi daga hannuna ban sani ba.

Amma abin da ya kama zuciyata ba ya saman ruwa, yana ƙasa. A ƙarƙashin wutsiyar ski akwai wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, ana ce masa dérive. Ka matsa shi gaba ko ka zurfafa shi da kaurin gashin kai biyu, ski ya canza hali gaba ɗaya: mai gardama ya yi ladabi, mai ladabi ya jefar da kai. Ana auna shi da wani ma'auni mai baki kamar na kada, a duba zurfi, a duba tsawo, a duba nisansa da wutsiya. Ni kuwa in dai awo ne, an zo gidana. Na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, na fara rubuta lambobin kowa. Duk wanda ya fito daga ruwa sai in bi shi (ni da ban iya tambayar hanya a tasha ba) in ce, ya ka ji juyin hagu? Ya yi maka nauyi? In rubuta, in kwance, in gyara, in ɗaure. Kafin hutu ya ƙare sunana ya koma "docteur", wato likita, manyan mutane suna layi da ski a hammata.

Ba wanda ya taɓa tambayata ko ni ma ina hawa. Mai kulob ya yi mini tayi sau biyu, na ce gobe. Iyo kuwa na iya, amma a pisin, ginannen wurin iyon nan, ɓangaren da ƙafa ke taɓa ƙasa.

To, a makarantarmu ba a wuce shekara sai an yi stage, wato aikin koyo a wani kamfani. Na aika wasiƙu har na gaji, shiru. Lokaci yana ƙurewa, in ban samu ba maimaita shekara zan yi, kuma ban san da bakin da zan faɗa wa mahaifiyata ba. Sai Claire, wadda ta fi kowa iya wasa a kulob ɗinmu, ta ce ta san wata Madame Odile mai ƙaramin wurin ƙera ski kusa da Paris, tana neman ɗalibi. In aika takardata.

Ina cika takardar Sani ya leƙo ta kafaɗata.

"Abin da kake yi lokacin hutu: karatu? Kai, wa zai ɗauki mutumin da hutunsa ma karatu ne? Sa ski nautique, wasan ruwan nan naku."

"Ai ban taɓa hawa ba."

"An tambaye ka ko ka hau? Kullum kana bakin ruwan nan har ka fara ƙarnin kifi. Rubuta, mon frère."

Na rubuta. Har na ƙara "slalom" a gefe, don ba na son aiki rabi da rabi.

Amsa ta zo cikin kwana biyu: akwai gasa ranar Asabar, Claire za ta shiga, in biyo ta mu haɗu a can. Wayyo daɗi! A cikin jirgin ƙasa na kasa zama, na duba kayena ya fi sau goma, na goge ma'aunina har yana ƙyalli. Na sauka gidan Kawu Alhaji, ƙanen mahaifiyata, wanda ke sarin kayan abinci a kasuwar Rungis yana rabawa shaguna. Bayan doguwar gaisuwa ya ce me ya kawo ni, na ce gasa ce ta ski.

"Gasa! Hajiya, hito ki ji, Injiniya ya zo gasa da Nasara!"

A nan ya kamata in ce ni mai gyara ne kawai. Na buɗe baki, na ga yadda fuskarsa ta cika da murna, na mayar na rufe. Washegari muka tafi da mota biyu: Kawu cikin babbar riga ta shadda ruwan sama mai aiki har ciki, matarsa Hajiya da kulolin abinci, abokansa biyu da kujerun naɗewa.

Wurin ya haɗu. Tutoci, lasifika, jirgi sabo fil yana gurnani, ski jere a kan ciyawa kamar an baje kolinsu don ni. Na sa hannu a ruwa na ji ya fi na Lyon sanyi, na duba kaye, na gyara ƙarfen ski ɗin Claire kaɗan. Ta shiga gwaji, ta kewaye shida, aka rage igiya, ta sake kewaye shida, ta fito tana ihu tana dukan kafaɗata. Sannan ta gabatar da ni ga Madame Odile ta wuce wurin rajista.

Madame Odile gajeriya ce mai furfura, hannuwanta duk tabon aiki. Ta karɓi kayena tana buɗawa shafi shafi, tana ɗaga gira. Can ta rufe, ta janyo wani ski baƙi wanda ko suna ba a buga masa ba.

"Sabo ne, ban gama da shi ba. Daidai nauyinka. Saura minti goma a buɗe gasa, hau ka zagaya sau ɗaya ka faɗa mini abin da ka ji."

Jama'a, kalma uku ce tsakanina da tsira: ban iya ba. Na ji su sun taso har maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "Oui, madame."

Kuma in faɗi gaskiya, ba tsoro kaɗai nake ji ba, har da zumuɗi. Ai na san komai! Gwiwa a ƙirji, hannu a miƙe, kan ski a waje, ka bar jirgi ya ɗaga ka. Na karanta, na kalla sau ɗari, na ma faɗa wa wasu. Wata zuciyar tana ce mini wataƙila ni ne mutum na farko da zai tashi da ilimi zalla. Aka ara mini rigar da ke hana nitsewa da wani gajeren wando daga kwandon kulob, ya yi mini yawa, mazaginsa ya zurare ciki. Ni da ke kwana a kan kaurin gashi, ban tsaya neman bakin mazagi ba.

Na zame cikin ruwa. Sanyi ya ɗauke mini numfashi. Aka miƙo mini sandar igiya, na hango Kawu a tsaye ya ɗaga waya.

"Prêt?" in ji direban jirgi, wato na shirya?

Na gyaɗa kai.

Abin da littafi bai faɗa ba shi ne jirgin nan ba ja yake yi ba, fizga yake. Ski ya yi hagu, ni na yi gaba, ƙafafuna suka fice, fuskata ta daki ruwa. Dokar farko a wasan nan, wadda ake koya wa yara kafin su jiƙa ƙafa, ita ce in ka faɗi ka saki igiya. Na san ta sarai. Amma hannuwan nan a bakin rijiyar kakata suka girma, inda duk wanda ya saki igiya guga ya faɗa, shi zai bi gida gida aron ƙugiya, ya dawo ya sha faɗa. Kaina yana cewa saki, hannu yana cewa ba da ni ba.

Haka jirgi ya ja ni a kan ciki kamar buhun gero. Ruwa ta hanci, ruwa ta baki, ruwa ta wuraren da ban san ruwa na shiga ba. In kaina ya ɓullo in ji bakin tafki gaba ɗaya yana ihu, "Lâche! Lâche!" wato in saki. Sai wata murya guda da ta fi ta kowa, da Hausa tsantsa:

"Riƙe, Injiniya! Kada ka saki! So suke ka saki su ci!"

An ce direba bai fi ƴan daƙiƙu ba ya kashe inji. Ni dai a lissafina mun kusa Lyon. Jirgi ya tsaya, ruwa ya lafa, ga ni ina lilo a tsakiyar filin gasa, sanda tana hannuna gam. Ski ɗin Madame yana can nesa yana yawo shi kaɗai. Sai na ji wani irin sanyi da sakewa daga ƙugu zuwa ƙasa. Na kai hannu. Na sake kai hannu. Wando ya tafi.

Jirgi ya zagayo, direba ya miƙo hannu. "Hau."

"A'a, na gode."

"Ka ji ciwo ne?"

"A'a. Ina nan lafiya. Ku ci gaba."

"Mu ci gaba ina? Kana kan balo na biyu!"

Lasifika ta fara roƙon a fitar da mai iyo daga fili don a buɗe gasa. Ƴan wasa sun yi layi a kan dandamali, alƙalai sun leƙo daga hasumiyarsu. Da na ga ba mafita na kira direba da yatsa, ya sunkuyo, na raɗa masa. Bawan Allah ya yi ƙoƙari, ya cije leɓe, sannan ya ɗauki rediyon hannunsa ya sanar da alƙalai. Rediyon alƙalai kuwa tana ajiye gab da makirufo. Kowa ya ji. Har agwagin da ke ƙarshen tafki sun ji.

Wata mata ta taho da tawul a guje, Kawu ya tare ta. Daga baya Hajiya ta ba ni labarin abin da ya ce: "Ɗan yayata ba ya hitowa cikin tawul gaban jama'a kamar jariri." Ya tuɓe babbar rigarsa nan take, ya naɗe, ya miƙa aka kawo mini a jirgi. A cikin ruwa na zura ta a kan rigar iyo. Wanda bai taɓa ɗaukar jiƙaƙƙiyar shadda ba bai san nauyi ba: mutum biyu suka ciro ni. Na taka dandamali ruwa yana zuba daga hannayen riga kamar indararo, kafaɗuna sun kumbura, aikin wuyan ya manne a ƙirji. Wani ya fara tafi, wurin ya ɗauka. Claire ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, dariya tana girgiza ta.

Madame Odile tana tsaye, an kawo mata ski ɗinta, tana shafa gefensa tana neman tabo.

"Sau nawa ka taɓa hawa?"

"Har da wannan, ɗaya."

"To me ka ji game da ski ɗin?"

"Madame, mun rabu da wuri."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita mai gwada mata kaya a ruwa take nema, kuma ba ta son a rubuta mata abin da ba haka ba. Ta juya ta tafi. Na tsaya ina ɗiga, ina ganin shekara guda tana bin wandona.

A bayan motar Kawu na canza kaya, na ƙi fitowa. Kawu ya leƙo cikin ƴar shara yana huci. "Ni ban ga laifinka ba. Duk wanda ya shiga ruwan nan sai ya saki igiyar, kai kaɗai ka riƙe har ƙarshe." Hajiya ta buɗe kula ta turo mini. "Ci, ɗana. Tun safe ruwa kawai ka sha."

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa gilashi. Madame Odile ce, kayena a hannunta, ashe tun safe bai bar wurinta ba. Ta buɗe wani shafi ta nuna.

"Wannan gyaran na ruwan sanyi, wa ya koya maka?"

"Ba kowa. Tambaya na yi ta yi ina rubutawa."

Ta miƙo mini kayen. "Litinin, ƙarfe takwas. A kan tebur za ka yi aiki, da ma'auninka. Ranar Laraba kuma akwai ajin masu koyo, ski biyu, a hankali. Za ka shiga."

Na shiga. Ni ne babba a ajin da shekara goma sha huɗu, kuma wata yarinya mai giɓi ta riga ni tashi.

Abin da na koya bai da yawa. Har yanzu ina jin kunyar cewa "ban iya ba". Amma na gwada kunya iri biyu, na auna su da kyau, kuma wannan ta fi sauƙi: minti ɗaya ce, a kan tudu ake yin ta, kuma mutum yana sanye da wandonsa.