Na'a-na'ar Tsani Ta Shiga Tukunya

"Lafiya ƙalau, Turmi. Wai kina ina ne? Murya nake ji, ban ga mai ita ba."

"Duba ƙasa, Tsani, nan mutane suke zama."

To, waɗannan biyun taubasai ne, shi ɗan gwaggonta, ita 'yar kawunsa, kuma tun suna rarrafe ba wanda ya taɓa kiran wani da sunan arziki. Ita sabulu take yi. A wani ɗaki da ke ƙuryar gida take turara ganyen na'a-na'a a wata babbar tukunya, man ya bi bututu ya ɗiga a kwalba. Shi kuwa mai lambu ne. Bana ya samo wani irin na'a-na'a mai tsayi har ƙugu, ya share lambunsa kaf, gobe zai dasa shi. Da safe ya kawo mata buhu guda na gwaji, yanzu ya dawo ganin mai.

"Ina man? Ga jarka na zo da ita."

"Jarka! Da cokali ka zo, shi ma na jarirai."

Ta ɗaga kwalbar. Ruwa ne fal, sai wani ɗan siririn mai yana yawo a sama kamar maraya.

"Kin ɓoye sauran."

"In ɓoye me? Itacen girki ka kawo mini. Kara zalla! Daga wannan ganye zuwa wancan sai mutum ya hau mota."

"Hassada ce. Duk abin da ya fi ki tsayi maƙiyinki ne. Ko da teburin gidan nan ba kwa ga-maciji."

"Man a ganye yake, bawan Allah, ba a kara ba. A ina ka raine ta?"

"Ƙarƙashin mangwaro, kada rana ta wahalar da ita. Ruwa safe da yamma, taki kuwa har sai ta ture."

"Shi ya sa ta zanƙale tana neman rana. Irin rainon da gwaggo ta yi maka ke nan: inuwa, abinci, barci. Tsayi ya iso, hankali yana hanya."

"Ke kuwa a rana kawu ya shanya ki, ya manta bai kwashe ba."

"Na ƙanƙance, amma ina da amfani. Jira ka gani."

Ta fita tsakar gida ta jawo wani tsohon baho. Na'a-na'ar cikinsa ko gwiwa ba ta kai ba, amma ta yi rassa jingim, ganye kan ganye.

"Murza ka shinshina."

Ya murza, ya kai hanci. Nan take idonsa ya kawo ruwa.

"Wannan ba ƙamshi ba ne, halinki ne ya shiga ganyen."

"Share hawayenka. Wai ma ta yaya dogon karan nan ya shiga buhu?"

"Na lanƙwasa shi, na tattaka, na ɗaure a babur na zauna a kai."

Ta dafe ƙirji. "Ka zauna a kai? Ɗan man da ke jikin ganyen ka mutsuke! Ashe shi ya sa tun da ka shigo ɗakin ke ƙamshi. Wandonka ya fi kwalbata mai. Je ka sauya, ka kawo mu sa a tukunya."

Tsani ya dubi kwalbar. Ya dubi bahon, ya tuna lambunsa da ya share tas.

"Turmi, gobe fa masu dashe za su zo."

"Su dasa mana. Sai ka buɗe shagon tsintsiya."

"Ki taimaka mini da saiwar wannan."

"Wacce?"

"Gajerar."

"Maganarka can sama take maƙalewa, ba ta isowa nan. Sauko."

Ya waiga ya ga ba kowa, ya tsugunna har suka haɗa ido.

"Gajera ta fi," ya ce a hankali.

Ta tuntsire da dariya har ta riƙe ciki, ta tura masa bahon da ƙafa.

"Ɗauka duka, akwai wasu a baya. A rana za ka dasa, kuma da ta fara tasowa ka datse mata kai, sai ta yi rassa."

Ya saɓa bahon a kafaɗa, ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"A datse kai tun tana ƙarama? Allah sarki, kawu! Sai yau na gane abin da aka yi miki."