Ranar da na kira sunan surukina a tele

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Haruna, ɗan kawuna, ya tashi yin fim. Shi da abokansa uku ne, da kyamara ɗaya ta aro. Labarin wata yarinya ce da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, kowa a gidansu na son ta zama likita, ita kuwa ranta na wurin noman lambu a Jiratawa. Ni aka ba matsayin gwaggo mai faɗa. (Ni da ko kaza sai na lallaɓa nake kora.) Lakwal ɗina a aji huɗu ta tsaya, don haka Haruna ya yi ta karanta mini maganata har na hardace.

Lokacin ina goyon ɗana na fari, watansa bakwai. Kun san dai yadda muke: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane. Nawa kuma kunyar biyu ce, don sunan mahaifin maigidana aka sa masa. Baba nake ce masa, shi ma ciki-ciki. (Yau zan rubuta, tunda rubutu ba kira ba ne: Isuhu.)

Har yanzu ina jin ƙamshin lambun nan, albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga ruwa na bin kwalbati, ga mu muna ta dariya don iska ta hana kallabin kowa zama. Aka maƙala mini wani ɗan mikro mai ɗaukar murya a wuyan hijabi. Na yi faɗana sau shida kafin Haruna ya yarda. Sai yaro ya fara kuka, hankalina ya tashi, ko rana ce ta buge shi, ko wani abu ya cije shi. Na ja shi bayan wani mangwaro. Ashe jiƙa kawai ya yi. Na waiga, babu kowa. Sai na saki baki.

Bayan wata biyu Haruna ya kawo fim ɗin gidan surukaina a unguwar Zariya, nan Maraɗi, bayan la'asar. Falo ya cika. Alhaji na kan kujerarsa a gaba, Hajiya na gefe, ni ina can bakin ƙofa. Wurin faɗana ya wuce lafiya, har wata ƙanwar maigidana ta ce, "Ashe kina da baki."

Sai ƙarshe ya zo. Yarinyar ta ajiye takardunta, ta shiga lambu ba takalmi. Babu kiɗa. Sai wata murya ƙasa-ƙasa, tana rera wa yaro wasa:

"Isuhu nawa, Isuhu mai ƙaton tumbi. Ka sake yi mini fitsari ko, Isuhu? Mai kai kamar ƙwarya. Duk Maraɗi ba wanda nake so kamarka."

Muryata ce. Sau uku na ƙirga sunan. Maigidana ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska har haɓa, ina roƙon Allah a ɗauke wuta.

Alhaji ya gyara zama, ya shafa cikinsa, ya ce, "Tumbin dai na yarda. Fitsarin ne ban san lokacin da na yi ba."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Sati uku ban taka gidan ba, sai da Alhaji ya aiko cewa Isuhu babba na gaida ni.

Da na tsare Haruna, cewa ya yi, "Yaya, duk fim ɗin ke kaɗai kika yi abin da ranki ke so ba a rubuta miki ba. Ya zan yar da shi?"

Yanzu Alhaji ya rasu, Allah ya ji ƙansa, Haruna na Yamai, yaron ya shiga lakwal. Gaban mutane Baba ne har gobe. A ɗaki kuwa ina kiran abina da sunansa son raina. Abin da na koya ɗaya ne: ki so ɗanki yadda kike so, amma ki fara shafa wuyan hijabinki.