Gaisuwar da na koya wa Malam Sato

Ko tsufa zai kwashe min komai daga kai, wannan ranar dai ba zan manta da ita ba. Kuma kada ku wahalar da kanku neman wawan labarin, ni ne.

Shekara shida ina tuƙa wani Bajapane, injiniya a wani kamfanin tace ruwan teku can wajen Abhur, a nan ƙasa mai tsarki. Sato sunansa, ni kuma Malam Sato nake ce masa saboda son karatunsa. Ya haura hamsin, amma kullum fama yake da Turanci. Yana da wasu ƴan katuna da aka zura a zobe, kowane kati kalma ɗaya: cokali, tasha, ciwon kai, madubi. Daga gida har wurin aiki yana bayan mota yana juya su, baki na motsi kamar mai lazimi.

Ni kuwa aji uku na yi a firamare kafin in zo aikin Hajji in maƙale (na ukun ma rabinsa a kasuwa na yi shi). Amma a majalisarmu ta unguwar Ruwais ni ne Bature. Duk wanda aka ba takardar magani, ni yake nema.

Wata rana ya gaya min za a turo sabuwar shugaba daga Ingila, ita za ta zaɓi wanda zai zauna da wanda zai koma gida, kuma yana tsoron Turancinsa ne zai kayar da shi. Nan take na yi lissafi. In Sato ya tafi, tuƙi ya tafi, ga iƙamata, takardar zaman ƙasa, a hannun kamfanin. Sai na gyara murya na ce masa katunan nan ba za su cece shi ba. Tara kalmomi ba shi ne Turanci ba, Turanci gaisuwa ne. Ba a haɗuwa da babba a yi masa sannu ɗaya a kama baki.

Na juye masa gaisuwarmu kaf cikin Turancina. Yaya aka kwana, yaya gajiya, yaya hanya, yaya aka baro mutanen gida, yaya maigida, yaya yara, yaya zafi. In kuma mace ta ce ba ta da miji, ba a barin ta haka, sai a ce Allah ya kawo nagari. Malam Sato ya rubuce su kaf. Ya ce duk littattafan da ya sayo daga ƙasarsu babu mai wannan zurfin, ashe Turawa ma sun san darajar mutum. Na ce ai ba komai ake sawa a littafi ba.

Sati uku muna hadda a mota, ni ne Baturiya. (Da kun gan ni a danja, da furfurata, ina siranta murya ina cewa yara suna lafiya, da kun nema min mai ruƙiyya.)

Ranar da za ta sauka muka je filin jirgi da hantsi. Doguwar mace ce, jaka ɗaya, idanu duk gajiya. Ta miƙa hannu ta faɗi sunanta, a ganinta gaisuwa ta ƙare. Malam Sato ya rusuna, ya bari muka shiga mota, sannan ya ɗauko daga farko.

Tambayar farko ta amsa da murmushi. Ta biyu da rabin murmushi. Wajen ta huɗu ta koma kallon taga. Ni kuwa ina gyaɗa masa kai ta madubi, yalla, ci gaba. Aka zo kan maigida. Ta ce a taƙaice wata uku ke nan da rabuwarsu. Ɗalibina bai yi tuntuɓe ko na harafi ɗaya ba, ya roƙa mata Allah ya kawo nagari. Sannan ya tambayi yara.

Ta juyo daga taga ta dube shi. Can ta tambaye shi a hankali wa ya koya masa Turanci. Na roƙi Allah ya ce littafi. Bawan Allah ya buɗe tafin hannu ya nuna ƙeyata cike da girmamawa.

"Malamina," in ji shi.

Mai hankali shiru zai yi. Ni sai na shiga yi mata bayani cewa haka Turawan asali suke gaisawa, na da, kafin tarbiyya ta lalace. Ku duba fa, ni nake koya wa ƴar Ingila gaisuwar Ingila. Ta bari na gama tsaf, sannan ta tambaye ni a wane gari na zauna a can. Na ce tukuna dai, ana shirye-shirye. Hanyar da nake bi kullum shekara shida, ranar sai da na wuce kwanar Abhur.

Ba a mayar da Sato gida ba, aikinsa ya tsaya masa. Amma an sa shi aji na gaskiya, aka kuma aiko min da saƙo cewa direba ya tsaya a kan sitiyari. Abin da ya fi ci min rai shi ne, Sato da kansa ya zo ya rusuna ya ba ni haƙuri, wai an tilasta masa canja malami.

Daga nan na koyi darasi: in ka yi abin kunya, gyara labarin kafin ka isa gida. Na samu maiɗakina Hajiya Balaraba tana tsinkar mulukiya, lalon Larabawa, na ba ta nawa labarin, wanda a cikinsa gaisuwata ce ta ceci Bajapane. Na jero mata tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, har da siranta murya. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Alhaji, shekara arba'in ina tsaye a gaban murhu, ban taɓa jin ka ce min ya gajiya ba. Ashe kana da ita, Turawa ka ajiye wa."