Ƙafafun da Kaka Mitsuyo Ta Sayo

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya gwiwa, ya baya, ya ragowar haƙoran?"

"Haƙorana sun fi aljihunka cika. Matsa min in shigo, maigidan da ba ya cefane."

Tatsuro ya matsa gefe yana dariya. Kakarsa Mitsuyo ta turo hancin 'yar farar motarta cikin garejinsa, ta taka totur sau biyu kafin ta kashe, don dai maƙwabta su san ta iso. Asabar ce da la'asar. An gama sare kabeji a gonakin kan tudu, sanyi ya fara gangarowa daga duwatsun Gunma, kuma kowa a ƙauyen zancensa ɗaya: gobe ne tseren motoci na ƙarshe na bana. A filin ajiye motoci na wurin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ake yi, kafin ƙanƙarar ta zo ta karɓi abinta. A jera jajayen robobi, mota ɗaya ta shiga ta kewaye su ta fito, wata ta shiga, agogo ya raba gardama.

Mitsuyo ta haura saba'in, amma kada ka kuskura ka faɗa a gabanta. Ita da ƙawarta Chizuru sun fi shekara talatin suna kewaya robobin nan a aji ɗaya, ajin ƙananan motoci, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga gaban Chizuru ba. Kullum saura ƙiris, amma allo ba ya rubuta ƙiris. To bana idon Chizuru ya fara hazo, 'ya'yanta suka sa ta a gaba har ta yi musu alkawari ranar Litinin za ta miƙa wa hukuma lasinta, ta bar tuƙi ke nan. Gobe ce karawarsu ta ƙarshe. Shi ya sa Mitsuyo ta sulale zuwa birnin Takasaki ba ta shawarci kowa ba, ta shiga wani shagon kayan mota, ta ba da tsofaffin wilinta da tayoyinsu, ta yi ciko, aka ɗaura mata sababbi. Wai ta zo ne jikan ya duba mata iska. Gaskiyar magana yabo ta zo karɓa.

"Ba ka ga komai ba ne, ko idon naka ma ya bi na Chizuru?"

"Na gani mana. Tsohuwa ta sa takalmin amarya."

"Wilin nan da yatsa biyu na ɗaga shi a shagon," in ji ta, tana shafa shi. "Tukunyar shinkafata ta fi shi nauyi."

"Tukunyar taki ai ƙanzon shekara goma ne a gindinta."

"Ƙanzon da ya yi maka wannan wuyan, marar godiya."

"To ki zuba kabeji a but, kada iska ta kwashe ku ke da motar, mu je muna cigiyarku a Nagano."

Ta harare shi, sannan ta shiga yi masa karatu, shi da sana'arsa ke nan. Nauyin da ke ƙafa, in ji ta, ya fi wanda ke ka gajiyar da mai gudu. In wili ba shi da nauyi mota ta fi saurin zabura, birki ya fi kamawa, sitiyari ya fi jin magana a kwana. Tayar kuwa roba ce mai taushi, da ta ɗumama sai ta manne wa kwalta kamar ƙaro. Ta ce ta san wannan tun ubansa bai iya fyace majina ba. Ya ce haka ne, shi ya sa ta shekara talatin tana shan ƙurar mutane da iliminta a ka. Ta ɗauki tsumman gogewa ta jefe shi, ya kauce.

Yana cikin dariyar ya durƙusa da abin gwada iska. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tayar gaba, ya ɗaga, ya sake ɗorawa. Ya leƙa ya karanta rubutun da ke gefenta. Dariyar ta ɗauke. Mitsuyo ta san yaron nan tun yana tsumma, bakinsa ba ya mutuwa sai in abu ya ɓaci.

"Mene ne? Ƙusa ta taka?"

"Da ma ƙusa ce. Kaka, tayar ta yi faɗi."

Bai cika ce mata Kaka ba sai ana zancen gaskiya. Ya yi mata bayani a hankali. Tun taron bazara ƙungiyarsu ta yanka wa ajin ƙananan motoci iyakar faɗin taya, wannan kuwa ta wuce iyakar da kamar kaurin yatsa. Gobe da safe masu duba motoci za su ɗora mata ma'auni su tura ta babban aji, cikin samari masu motocin da ke ruri. Su sai bayan azahar suke gudu, allonsu daban. Chizuru za ta yi nata da safe ta gama, ta cire hular kwano.

"Ƙarya kake, ɗan baƙin ciki. Wace doka? Ina wurin taron nan."

"Kina wurin, a kujerar baya, ke da Goggo Chizuru, kuna tsotsar 'ya'yan itacen fulam masu tsami kuna gulmar rinin gashin shugaba."

"Ai rinin ya isa a yi magana a kansa."

"Ya isa. Ga shi kuwa ya saya miki taya."

Ta tuna har mai shagon sai da ya tambaye ta wane aji take gudu, ta ce masa ya ɗaura abin da aka sa shi, ba tarihinta ya kawo ta ba. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya, ta ce a kira shagon a maido mata nata. Tatsuro ya kira. Aka ce masa tun jiya wani ya saye su ya wuce. Sababbi kuwa irin wannan siririyar tayar ba kowa ke ajiye ta ba, sai an yi oda, sai tsakiyar mako.

"Matambayi ba ya ɓata," in ji shi. "Gareji a bakin ƙofarki, kika tsallake shi kika tafi birni."

"Da na tambaye ka da duk ƙauyen nan sun ji kafin in ɗaura bel. Bakinka ai rariya ne."

"To ga rariya, ga ki a zaune. Akwai tayoyinki na lokacin ƙanƙara a rumbu. Faɗinsu daidai ne da doka."

"A kan busasshiyar kwalta? In riƙa sulɓi kamar sabulu ina kwasar robobi da gindin mota?"

"Sai ki taimaka wa masu tattarawa. Aikin lada ne."

Ta juya ta dubi shuɗiyar motarsa a ƙuryar garejin, iri ɗaya da tata, a wanke tas, da lambarta ta gobe a manne. Shi ma a ajin nasu yake gudu, kuma bana ce shekarar farko da ya hau saman jeri. Abin da ya rage masa kawai ya fito gobe ya yi gudunsa na kullum, kofin shekara ya zama nasa. Ta ce ko za ta shiga tasa bayan ya fito, tunda an yarda mutum biyu su yi tarayya a mota ɗaya. Ya ce bismillah, in ƙafarta za ta kai totur. Kujerar a ɗaure take da noti daidai doguwar ƙafarsa, ita kuwa ko ta hau matashi uku sai dai ta riƙa gaida birki daga nesa. Aro kuma babu wurin wa, duk masu irin wannan tayar da su za a yi gudun safe.

Nadama ta rufe ta, ba ta kuma ɓoye wa kanta dalili ba. Ba kayen ne ya dame ta ba, kaye ai ta saba da shi kamar ciwon gwiwarta. Abin da ya dame ta, duk shekarun nan tana tsammanin cin Chizuru take so, sai yau ta gane layin take so: motarta a bayan ta Chizuru, su leƙo ta taga suna yi wa juna gwalo, a rubuta sunayensu ɗaya ƙarƙashin ɗaya, su zauna a kan but su raba dunƙulen shinkafa kowa na cewa agogo ya cuce ta. Garin neman ƙiba ta samo rama. Gobe Chizuru za ta waiga a karo na ƙarshe ta ga wani baƙo a bayanta, kuma za ta san dalili.

"Za ta ce guduwa na yi," in ji ta a hankali. "Ko ta ce na fi son in ci ta a kan in raka ta. Kuma ba ta yi ƙarya ba."

Tatsuro ya miƙe ya zagaya farar motar, yana ƙwanƙwasa wilin da farce yana sauraron ƙararsa, yana lashe baki kamar kare a mahauta. Sai ya tafi ya jawo jak.

"Gaskiya kayan nan sun fi ƙarfinki," ya ce. "Asara ce a bar su a ƙafar mai tafiyar hawainiya. Tun bara nake mafarkin irinsu."

"Cire idonka daga kayana."

"Ni mutum ne mai tausayin tsofaffi. Ki ba ni waɗannan, in ba ki nawa. Sun sha jiki, nauyinsu kamar dutsen niƙa, amma dai sun dace da shekarunki."

"Ka ji ɓarawo da rana tsaka. Sababbi fil, in karɓi kwance?"

"Kwancen da ya yi ta wuce ki tun bazara. Ki yi sauri kafin in canza ra'ayi, akwai wata tsohuwar a layi."

"Wace tsohuwa za ta kula ka, da wannan kai kamar kabejin da aka manta a gona?"

Tana faɗa, tana kallonsa yana cusa jak a ƙarƙashin shuɗiyar motarsa. Ta san lissafin sarai, shi ma ya san ta sani. In ya ɗaura nata, shi za a tura babban aji, inda samarin nan za su yi masa fintinkau, makin da ya tara tun bazara kuma ya tashi a banza. Ta tuna yadda yake fita atisaye da sassafe kafin ya buɗe gareji, da yadda ya riga ya share wani gurbi a kan kanta, yana cewa wai na rediyo ne. Ta so ta ci gaba da wasan, ta bar shi ya yi mata alherin a cikin rigar sata yadda ya tsara. Bakinta ya ƙi.

"Tatsuro. Kofin fa?"

"Wane kofi? Kofunan shayi sun cika gidan nan."

"Kada ka raina min hankali. Ni na yi wautata, ni zan sha kayana. Sauke jak ɗin nan."

Ya ci gaba da kwance noti bai ɗago ba. Da ya cire na ƙarshe ya jawo tayar ya gangaro ta har gabanta, ta tsaya a jikin gwiwarta.

"Kofi kowace shekara sai an ƙero sabo, Kaka," ya ce. "Goggo Chizuru kuwa guda ɗaya aka yi."

Mitsuyo ta riƙe tayar da hannu biyu. Tana da nauyi kam, gefenta duk ya cinye, wilin ya sha karce. Ta so ta ce ya yafe mata, ta san kuwa in ta faɗa sai ya shekara yana yi mata dariya, ita kuma sai ta yi kuka a gaban ɗan da ta yi wa tsarki. Sai ta ja majina, ta ce ƙurar garejin nan za ta kashe mutum, ba a taɓa share shi ba tun da aka gina.

"To ya ciniki?" in ji shi. "An sallama?"

Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke fitowa a jiƙe.

"An sallama, ɓarawo. Ka ci ni. Kwashe su duka huɗun, kada in ƙara ganinsu." Ta miƙe da ƙyar, ta naɗe hannun riga. "Miƙo min sufana. In ka ɗaure su da wannan hannun naka na taliya, a kwanar farko za su riga ni isa."

Ya miƙa mata. Ta durƙusa a gefen motarta, gwiwa na ƙara, ta fara kwance sababbin da hannunta.