Yadda Na Gyara Bindigar Baba Dogo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka fita da amarya Hajo a Damri, ranar da na roƙi ƙasa ta tsage in shige har da wandona mai faɗin ƙafa.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, duk saurayin da ya san kansa ya tafi lebura. Ni ma na je. Mako uku na yi a rumfar kafintocin kamfani ina ɗaukar katako, aka sallame ni (wai surutuna ya fi aikina auki). Na dawo Talata Mafara da fensir a bayan kunne, na ce kowa ya riƙa kirana Injiniya. Aji huɗu na yi a firamare, amma in na fara labarin aikinmu da Turawa sai ka rantse ni na zana dam ɗin.

Akwai ƙanin kakata a Damri, Baba Dogo. Yana da wata 'yar gajeruwar bindiga ƙirar maƙera, ta hannu ɗaya, irin wadda ake ɗura wa albarushi a buga a biki. Tun ba a haife ni ba shi ke buga ta farko in za a fita da amarya a unguwarsu. Mariƙinta na itace ne, an yi masa ɗige-ɗige kamar zanzana don kada ya suɓuce. To shekaru da gumi sun cinye ɗigon, itace ya yi sumul. A wani biki ta kuɓce masa ta faɗi gaban mata, 'ya'yansa suka ce in ta sake faɗuwa sun karɓe ta ke nan. Ga bikin jikanyarsa Hajo ya matso.

Ranar kasuwa sai ga shi gidanmu, bindiga naɗe cikin tsumma.

"Kai ja'iri, an ce ka koyo aikin Nasara. Ka iya maishe mata da kaushinta?"

"Haba tsoho! Mu da muka tare gulbi sukutum?"

Bai yi dariya ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ban son su amshe ta gaban Hajo."

Allah ya sani na yi aikin da zuciya ɗaya. Na samu ƙusa, na bi sawun tsohon ɗigo ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa, kwana biyu cur, har babban yatsana ya kumbura. Kaushi ya dawo tsaf. Da nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Sai na ga abin ba ya ƙyalli. A kamfani in an gama katako sai an shafa masa banish. Ni ba ni da banish, amma na yi makarantar allo, na san abin da ke sa rubutu sheƙi: ƙaro. Na jiƙa shi da kauri, na tsiyaya tawada don ya yi duhu, na shafe mariƙin sau uku na shanya. Wallahi da ya bushe har haƙoranka kake gani. Na gaya wa duk wanda ya tambaya (da wanda bai tambaya ba) cewa banish ne na Italiya, wani Bature ya ba ni a ɓoye.

Ranar biki bayan la'asar, zafi kamar bakin murhu. Baba Dogo ya fito cikin farar riga, ya daɗe riƙe da bindiga yana jiran mata su gama kukansu da guɗarsu. Abin da Injiniya bai tuna ba shi ne ƙaro ba ya shiri da ruwa, tafin tsoho kuwa zufa yake yi.

Amarya ta fito. Ya ɗaga hannu sama. Tum! Bindiga ba ta faɗi ba. Na daka tsalle tsakiyar jama'a ina bugun ƙirji, "Aikina ne! Aikina ne!"

Sai ya zo miƙa ta ga babban ɗansa don ya gaisa da dangin ango. Yatsu suka ƙi buɗewa. Sai da ɗan ya sa ƙarfi ya ja, muka ji ɓas. Tsoho ya shafa gemu yadda ya saba, rabin farin gemun ya koma baƙi ƙirin. Waliyyin ango, wanda ya riga ya miƙo hannu, ya samu nasa rabon, ya goge a babbar rigarsa kafin ya lura.

Limamin da ya ɗaura auren ya karɓi bindigar, ya shinshina, ya dangwala yatsa ya kai harshe.

"Wa ya ce banish na Italiya? Wagga tawada ta, da ƙaro. Mai kyau ma. Da allo na, da mun wanke mun sha."

Wuri ya ɓarke da dariya. Ƙawayen amarya, waɗanda tun safe nake yi wa yanga, suka hau kira, "Injiniya, a rubuta muna na farin jini!"

Babban ɗan ya yo kaina ido jajir. Baba Dogo ya tare shi da baƙin hannun nan nasa.

"Ƙyale shi. Tambaya guda nika yi. Ta hwaɗi?"

Ɗan ya girgiza kai.

"To ba ta hwaɗi ba. Ba ni abina."

Gaban kowa ɗan ya karɓo ta daga hannun liman ya miƙa masa.

Kashegari tsoho ya zaunar da ni ƙofar gida da ruwan ɗumi da tsinke, na bi ramukan nan ɗaya-ɗaya ina sakace ƙaro. Da na gama ya riƙe, ya girgiza hannu da ƙarfi, bindiga ta zauna daram. Ya ce, "Wanga shi na aiki. Ashe ka iya, iyayi ne ya yi maka yawa." Har Allah ya karɓi abinsa ba wanda ya sake maganar karɓe ta.

Tun daga nan, in na ga aiki ya yi, ajiye shi nake in zura hannuwana cikin aljihu, tun kafin su tuna da wata dabara.